Muhawara: Aikin isar da saƙon hukumar birnin Washington ga al'ummar Latino

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana gaban 'yan'uwa, musamman waɗanda suka daɗe a birnin Washington, babban birnin Amurka, da kewayensa, domin na san a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya, akwai lauyoyi, akwai kuma waɗanda suka yi aikin jarida. Hukumar birnin tana da ofishi na musamman a ƙarƙashin magajin gari wanda yake kula da al'amuran 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda ake kira Latino, kuma an kafa shi tun 1976. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna birnin 689,545 ne, kimanin kashi 11 cikin 100 nasu Latino ne, waɗanda suka fi yawa a cikinsu kuwa 'yan asalin El Salvador ne. Babban ɓangare na aikin wannan ofishi isar da saƙo ne, wato rubuta sanarwa da Sifaniyanci, da shiga gidajen rediyo da talabijin, da kula da shafukan sada zumunta, da shirya tarurruka a unguwanni.

Tambayoyina biyu ne. Ta farko, shin wannan aiki yana canza wani abu a rayuwar mai wanke kwanuka a gidan abinci da mai aikin gini, ko kuwa tallata magajin gari ne kawai da wani harshe na daban? Ta biyu, me ya sa za a keɓe wa al'umma guda ofishinta, maimakon a tilasta wa kowace ma'aikata ta yi wa kowa bayani yadda zai gane? Neman fahimta nake yi, ba suka ba.

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, tambayarka ta biyu zan fara taɓawa, saboda ina garin nan a watan Mayun 1991, ina tuƙa tasi, kuma na ga abin da ya faru a unguwar Mount Pleasant da idona. Ranar Lahadi, 5 ga wata, da yamma, wata 'yar sanda sabuwar shiga aiki ta harbi wani ɗan El Salvador a ƙirji lokacin da ake ƙoƙarin kama shi kan shan giya a bainar jama'a. 'Yan sanda sun ce wuƙa ya zaro ya yi kanta, wasu daga cikin waɗanda suke wurin kuma sun ce an riga an sa masa ankwa. Kafin a ce me, labari ya game unguwa cewa an kashe mutum yana ɗaure, alhali yana asibiti da ransa, kuma bai mutu ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, maganar hukuma ba ta isa kunnen mutanen nan da harshen da suke ji ba sai bayan jita-jita ta gama aikinta.

An kwana biyu ana ƙone motocin 'yan sanda ana fasa shaguna, hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe titi har muna rufe gilashin mota tun daga nesa, sai da magajiyar gari ta lokacin, Sharon Pratt Dixon, ta sa dokar hana fita da dare. Ku tuna cewa yawancin mutanen sun gudo ne daga yaƙin basasar El Salvador, wanda bai ƙare ba sai 1992, kuma a can ganin mai kaki yana nufin wani zai ɓace. A nan kuma sun tarar da 'yan sanda waɗanda ƙalilan ne a cikinsu suke jin Sifaniyanci. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta tarayya ta yi bincike ta fitar da rahoto a 1993, inda ta tabbatar da cewa ana tauye wa Latino haƙƙinsu a wurin 'yan sanda da ma'aikatun birni. Duk wanda ya ga waɗannan darare ba zai ce yin magana da mutane da harshensu ado ba ne.

Malam Isiyaku:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Amma labarin nan, in an duba da kyau, yana ƙarfafa shakkar Malam Habibu ne. Lokacin da rikicin ya ɓarke, ofishin ya shekara 15 da kafuwa. Yana nan, yana da ma'aikata, amma kasancewarsa ba ta hana unguwa kamawa da wuta ba. Na yi aikin jarida shekaru da dama, kuma abin da na sani game da jami'in yaɗa labarai na gwamnati a ko'ina shi ne, wanda ya naɗa shi shi yake yi wa aiki. In magajin gari ya buɗe filin wasa, za ka ga sanarwa da hotuna cikin sa'a guda da harsuna biyu. In an rage kuɗin wani tallafi da talakawa suka dogara da shi, sai ka yi ta nema.

Barista Nasiru:
Malam Isiyaku yana da gaskiya a kan cewa ofishi shi kaɗai bai isa ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin Latino, tare da na 'yan Afirka da na 'yan Asiya, suka matsa har majalisar birni ta yi dokar samar da hidima da harsuna a 2004, zamanin magajin gari Anthony Williams. Dokar ta ɗauke nauyin daga kan ofishi guda ta ɗora shi a kan ma'aikatu. Duk wanda ya je wata ma'aikatar birni da dokar ta shafa, bai iya Turanci sosai ba, yana da haƙƙin a samo masa tafinta kyauta, ko wane harshe yake ji. Sannan wajibi ne ma'aikata ta fassara muhimman takardunta zuwa duk harshen da masu jinsa suka kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda take yi wa hidima, ko mutum 500, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ma'aikatun da suke hulɗa da jama'a sosai kuma dole su naɗa jami'i mai kula da wannan aiki, su riƙa fitar da tsarinsu duk shekara biyu. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na birnin ne yake sa ido, shi ne kuma yake karɓar ƙorafi. Harsunan da aka fi fassara takardu zuwa gare su shida ne: Sifaniyanci, Amharik, Sinanci, Faransanci, harshen Koriya da na Biyetnam.

Saboda haka, Malam Habibu, abin da ka ce ya kamata a yi, wato a tilasta wa kowace ma'aikata, shi ne dokar ta yi. Ofishin Latino bai maye gurbin ma'aikatu ba. Aikinsa ya ba su shawara, ya tallafa wa ƙungiyoyin unguwa da kuɗi, ya kuma kai kukan jama'a gaban magajin gari. Kuma ba su kaɗai aka keɓe wa ofishi ba, domin akwai na 'yan Asiya, akwai na 'yan Afirka da aka kafa a 2006. Inda dokar take da rauni shi ne, ba ta ba mutum damar kai ma'aikata kotu da kansa in ta hana shi tafinta ba. Ƙorafi kawai zai shigar ya jira.

Hajiya Rabi:
Barista, na yarda da duk abin da ka faɗa game da doka, amma ni da nake aiki a asibitin sha-ka-tafi wanda yawancin masu zuwa Latino ne, ina ganin inda takarda take tsayawa. Mace za ta shigo da yaro a hannu, ta ciro ambulan daga jaka, wasiƙa ce daga hukuma an rubuta ta da Sifaniyanci tsaf, shafi huɗu, tana gaya mata ranar da inshorar lafiyar yaron za ta ƙare in ba ta sabunta ba. Ranar ta wuce da mako biyu. Ba ta jefar da wasiƙar ba, ta adana ta a cikin leda don kada ta jiƙe, ta san abu ne mai muhimmanci, sai dai karatunta bai wuce aji biyu ko uku ba, tun a ƙauyensu kafin yaƙi ya tashe su. A lissafin ma'aikata an sanar da ita. A zahiri babu wanda ya gaya mata komai.

Akwai kuma waɗanda suka zo daga tsaunukan Guatemala, harshen uwarsu Mam ne ko Kiche, Sifaniyanci harshe na biyu ne gare su, wasu matan ma kaɗan suke ji. Wanda yake zaune a ofis yana ganin duk Latino abu ɗaya ne ba zai taɓa sanin wannan ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne baki da baki. Akwai mata 'yan unguwa da ake horarwa kan wayar da kai a harkar lafiya, suna bin gidajen haya da shagunan wanki da bakin coci bayan an tashi daga ibada. Cibiyoyi irin su La Clínica del Pueblo, wadda aka kafa a 1983, da Mary's Center ta 1988, da CARECEN mai taimaka wa baƙi da takardu tun 1981, mutane sun san fuskokin ma'aikatansu shekara da shekaru. Lokacin korona, unguwar Columbia Heights tana cikin wuraren da cutar ta fi kamawa a watannin farko, saboda mutanen ba masu aiki daga gida ba ne, kuma iyalai da yawa suna cunkushe a ɗakuna kaɗan. Da aka fara riga-kafi a farkon 2021, yawancin rajistar ta intanet ce, kuma masu kwamfuta da lokacin zama a gabanta su suka fara cinye guraben. Sai da aka keɓe wa wasu unguwanni kaso, aka kuma kai allurar asibitocin unguwa da coci-coci, sannan masu zuwa asibitinmu suka fara samu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma jami'in sadarwa mai hankali shi ne wanda ya san a bakin wa zai sa saƙonsa.

Malam Habibu:
Hajiya, wannan ya buɗe mini ido. To amma in ƙungiyoyi ne suke isar da saƙon, mene ne amfanin jami'in da yake karɓar albashi daga hukuma?

Hajiya Rabi:
Amfaninsa shi ne shi yake da labarin tun daga tushe. Mu a asibiti ba mu san za a canza ranar rufe rajista ba, ba mu san za a buɗe wurin gwaji a filin wata makaranta ba, sai an gaya mana. In jami'in nan ya kira mu kwana uku kafin a fitar da sanarwa, ya ba mu bayanin a taƙaice, ya yi saƙon murya na minti ɗaya wanda za a iya turawa ta WhatsApp, ya shiga rediyon Sifaniyanci na El Zol da safe lokacin da masu aikin gini suke cikin mota, ya ba gidajen talabijin na Telemundo da Univision da jaridar El Tiempo Latino wanda zai amsa tambayoyi, to aiki ya tafi. In kuwa ya bari muka gani a Facebook tare da kowa, ranar nan tambayoyi za mu wuni muna amsawa ba tare da mun san amsar ba.

Malama Zulaihatu:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni aikin tafinta nake yi tsakanin Faransanci da Turanci, wani lokaci da Hausa, kuma muna haɗuwa da tafintocin Sifaniyanci a asibitoci da makarantu kullum. Ina so in ƙara abu biyu a kan maganar Anti Rabi. Na farko shi ne lokaci. Sau da yawa ana gama sanarwa da Turanci, a sa hannu, a fitar, sannan a tuna a aika wa masu fassara. Kafin ta Sifaniyanci ta fito, masu jin Turanci sun riga sun cike fom, kuɗin tallafin haya ko guraben makaranta sun ƙare. Fassarar tana iya zama babu kuskure ko ɗaya, amma ta zo bayan an rufe ƙofa. Shi ya sa nake ganin ya kamata jami'in sadarwar Latino ya kasance a ɗakin taro tun lokacin da ake tsara shirin, ya ce wannan wa'adi na kwana biyar ba zai ishi mai aiki biyu ba, wannan fom ba ya buɗewa da kyau a wayar hannu, wannan tambaya da ke neman lambar shaidar zaman ƙasa za ta kori rabin waɗanda aka yi shirin dominsu ko da ba wajibi ba ce.

Na biyu shi ne yara. Babu abin da ya fi damuna kamar in shiga ɗaki in tarar an sa yarinya 'yar shekara tara tana fassara wa mahaifiyarta wasiƙar tashi daga gida ko bayanin likita. Na taɓa ganin wata ta tsaya a tsakiyar jimla tana kallon ƙasa, saboda ta gane abin da aka ce kafin uwarta ta gane, kuma ba ta so ta zama mai faɗa. Iyaye da yawa ba su san tafinta haƙƙinsu ne kuma kyauta ne ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam yana raba wani ɗan kati da mutum zai sa a aljihu, wanda ke nuna harshen da yake ji da kuma cewa doka ta ba shi tafinta, sai ya miƙa wa ma'aikaci a teburin karɓar baƙi. Sanar da mutane cewa katin nan yana nan, wannan ma aikin sadarwa ne, kuma ya fi hoton yanka zare amfani.

Malam Isiyaku:
Ba na musun wahalar da kuka bayyana. Amma bari in faɗi abin da mutane da yawa suke faɗa a ɓoye. Mu ma baƙi ne, mun zo mun koyi Turanci, ko mun ƙara a kan wanda muka zo da shi. In hukuma ta kawo wa mutum komai da harshensa, rediyonsa, takardunsa, likitansa, yaushe zai matsa wa kansa ya koyi harshen da zai fitar da shi daga aikin wanke-wanke? Ina tsoron kada taimakon ya zama abin da zai riƙe su a wuri ɗaya.

Alhaji Mamman:
Isiyaku, kai ka zo da digiri daga jami'ar da ake koyarwa da Turanci. Ka je makarantar Carlos Rosario da dare ka ga manya, wasu da fentin wurin aiki a hannunsu, suna zaune suna koyon Turanci bayan sun wuni a tsaye. Tushen makarantar nan ya kai 1970, kuma masu neman gurbi ba su taɓa yankewa ba. 'Ya'yansu kuwa, Turancinsu ya fi nawa da naka. Babu wanda ya ƙi koyo. Amma mutumin da zai ɗauki shekaru kafin ya iya karanta wasiƙar kotu, gobarar da ta tashi a gidansu yau ba za ta jira shi ba.

Barista Nasiru:
Ra'ayin Malam Isiyaku yana da magoya baya masu ƙarfi a yanzu, ya kamata mu san haka. A matakin tarayya, tushen wannan haƙƙi shi ne dokar haƙƙin jama'a ta 1964, da hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a shari'ar Lau, wadda ta shafi yaran Sinawa a makarantun San Francisco, sai kuma umarnin da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 2000 wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya da masu karɓar kuɗinsu su taimaki waɗanda Turancinsu bai nuna ba. A ranar 1 ga Maris 2025 Shugaba Trump ya soke wannan umarni, ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma na Amurka. Shafin Sifaniyanci na Fadar White House ma an sauke shi a Janairun 2017, aka maido da shi zamanin Biden, aka sake sauke shi a Janairun 2025. Dokar birni ta 2004 tana nan, saboda haka nauyin da ke kan ma'aikatan birni ya ƙaru.

Sai dai ni a ganina babbar matsalar wannan aiki ba ta harshe ba ce, ta alkawari ce. Washington ba jiha ba ce. 'Yancin mulkin kai da take da shi majalisar dokokin tarayya ce ta ba ta a 1973, kuma tana iya taɓa dokokinta da kasafin kuɗinta. Birni yana iya ba wanda ba shi da takardun zama lasin tuƙi na musamman, kamar yadda yake yi tun 2014. Yana iya yin doka da ta taƙaita haɗin kai da jami'an shige da fice, kamar yadda ya yi a 2020. Yana iya cire hukuncin laifi daga kan masu talla a bakin titi ba tare da lasin ba, kamar yadda ya yi a 2023, abin da ya shafi matan da suke sayar da yankakken mangwaro da abincin ƙasarsu a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Columbia Heights. Amma ba shi da iko a kan jami'an tarayya. A ranar 11 ga Agustan 2025 shugaban ƙasa ya yi amfani da wani sashe na dokar 1973 ya karɓi ragamar 'yan sandan birni na kwana 30, ya kawo dakarun tsaron ƙasa, kuma a cikin makon shugabar 'yan sandan birnin ta fitar da umarnin da ya ba jami'anta damar musayar wasu bayanai da jami'an shige da fice. To ku ɗauki jami'in da ya shekara yana shiga rediyo yana cewa ku kira 'yan sanda ba tare da tsoro ba, babu ruwansu da takardunku. Da wace fuska zai koma rediyon?

Malam Habibu:
Barista, wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Me ya kamata ya ce? In ya yi shiru, ya bar su da jita-jita kamar 1991. In ya ce ku kwantar da hankalinku, ya yaudare su. In ya fito ya soki tarayya, ya jawo wa birnin abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba shi aka zaɓa ba.

Hajiya Rabi:
Mun ga irin wannan a baya. A 2019 tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta ce wanda ya karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati yana iya rasa damar samun katin zama na dindindin. Ƙa'idar ta fara aiki a Fabrairun 2020, aka daina aiki da ita a Maris 2021. Waɗanda ta shafa a doka ba su kai waɗanda suka tsorata yawa ba. Iyaye sun riƙa cire 'ya'yansu, waɗanda aka haifa a nan kuma 'yan ƙasa ne, daga tallafin abinci da inshorar lafiya, saboda wani a shago ya ce musu haka ya fi. A irin wannan yanayi ne masu cike wa mutane takardu a shaguna, waɗanda suke nuna kamar lauyoyi ne, suke cin kasuwarsu. Abin da ya taimaka a lokacin bayani ne dalla-dalla: wannan tallafi yana cikin ƙa'idar, wannan ba ya ciki, na yaro ba a lissafa shi a kan uwa, in kina da shakka ga lauyan da zai duba miki kyauta. Kalmar kwantar da hankali ba ta dawo da ko mutum ɗaya ba, jerin gaskiya ne ya dawo da su.

Saboda haka amsata, Malam Habibu, ita ce ya faɗi abin da birni yake iya yi da abin da ba ya iyawa, kowanne da sunansa. Ya ce makaranta ba ta tambayar takardun zaman yaro. Ya ce ga bayanan da wannan fom yake nema, ga wanda zai iya ganinsu. Ya ce jiya ƙa'ida kaza ce, yau ta canza, ga ranar da ta canza. Mutanen nan sun tsallaka ƙasashe da ƙafa, labari marar daɗi ba ya karya su. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano an ɓoye musu.

Malam Isiyaku:
Hajiya, abin da kika zayyana shi ne aikin da ya kamata, na yarda. Amma kin san jami'in ba shi yake yanke abin da zai fita ba. Sanarwa tana bi ta hannun lauyoyin birni da masu ba magajin gari shawara, kuma a lokacin da ake takun-saƙa da tarayya, abin da suke so shi ne a rage magana. A nan ne nake ganin jaridu da rediyon Sifaniyanci masu zaman kansu sun fi ofishin muhimmanci, domin su ne za su tambayi abin da shi ba zai iya faɗa ba.

Barista Nasiru:
Kowanne da gurbinsa, Malam Isiyaku. Ɗan jarida zai tona, amma ba zai iya gaya wa uwa da tabbaci cewa wannan ma'aikata ba ta ajiye bayanin kaza ba. Wanda yake ciki ne kaɗai ya sani. Ƙidayar 2020 misali ce. Kotun Ƙoli ta hana sa tambayar zama ɗan ƙasa a fom tun Yunin 2019, dokar tarayya kuma ta haramta bai wa kowace hukuma amsoshin mutum, amma tsoron ya riga ya shiga, kuma binciken da hukumar ƙidaya ta yi da kanta ya nuna an tsallake kusan kashi 5 cikin 100 na Latino a faɗin ƙasa. Da waɗannan alƙaluma ake raba kuɗin makarantu da na lafiya har shekara 10. Haka kuma a Afrilun 2022, da gwamnan Texas Greg Abbott ya fara turo motocin bas cike da baƙi, da yawansu 'yan Venezuela, ana sauke su a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Union, 'yan sa-kai ne suka riƙa tarbarsu watanni kafin magajiyar gari Muriel Bowser ta kafa ofishin kula da su a Satumba. Waɗannan sababbin zuwa ba su san CARECEN ba, ba su san rediyon garin ba, labarinsu duka daga ƙungiyoyin WhatsApp yake zuwa. Hanyar da aka gina da 'yan El Salvador cikin shekara 40 ba ta isa gare su kai-tsaye ba, sai an sake gina wata.

Malama Zulaihatu:
Ina roƙon a ba ni dama in ƙara abu ɗaya da ya shafe mu. Ma'aikatu suna rubuta harshen da mutum ya nema duk lokacin da ya zo, kuma wannan lissafi yana cikin abin da ake dubawa wajen sanin ko harshe ya kai mutum 500 ɗin da Barista ya ambata. Masu jin Amharik sun shiga jerin ne saboda suna da yawa kuma suna nema. Iyayenmu mata da suke zuwa zama da 'ya'yansu, daga Kano ko Damagaram, in sun je wata ma'aikata sai su bar ɗa ko suruka ta yi musu magana, ko kuma 'yan Nijar su ce Faransanci alhali Hausa suka fi ji. Ana samun tafintan Hausa ta waya, ko da yake wani lokaci sai an jira. Ina ba da shawara duk wanda zai raka tsohuwarsa ya nemi tafintan Hausa a teburin karɓar baƙi, ko da shi zai iya fassarawa, domin a rubuta an nema. Anti Rabi, in kin amince, ni da ke mu haɗa taƙaitaccen bayani a kan yadda ake nema da inda ake kai ƙorafi in an hana, mu kawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Hajiya Rabi:
Na amince, Zulaihatu. Ki rubuta na Hausa da na Faransanci, ni zan karɓo katunan, Barista kuma ya duba mana kafin mu buga, don kada mu faɗi abin da dokar ba ta ce ba.